Numfashin Dogo

Kwana huɗu Dogo yana busasshen tari, matarsa na cewa su je asibiti, shi kuma yana cewa mura ce kawai. Aikinsa koya wa mutane tuƙi, kuma mutum ne mai surutu, har ɗalibansa kan ce bakinsa ya fi injin motar gudu. Da zazzaɓi ya rufe shi, gaɓoɓinsa suka kama ciwo, sai ya lalubo ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta a durowa ya dinga haɗiya.

A rana ta biyar da safe matar ta same shi zaune bakin gado, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Gumi ya jiƙa rigarsa sharkaf, amma jikinsa sai karkarwa yake. Ya buɗe baki zai ce ta miƙo masa makulli, maganar ta tsinke a tsakiya. Ya ja iska, ya dafe haƙarƙari. Nan ta lura leɓunansa sun yi toka-toka.

Ta durƙusa a gabansa.

"Baban yara, dube ni. Ka san inda kake?"

Ya dube ta, sai dai amsar ta daɗe ba ta zo ba.

Ba takalmi ta fita ta buga ƙofar maƙwabcinsu mai tasi. Su biyu suka sauko da shi daga bene, yana haki a kowace matakala. A mota ta aza hannu a ƙirjinsa. Numfashin sama-sama yake, da sauri, kamar na wanda ya sha gudu. Duk sanda ya lumshe ido sai ta girgiza shi.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta maƙala masa wani ɗan abu a yatsa, ta dubi lambar da ta fito, ta daina murmushi. Aka sa masa oksijin, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce ciwon huhu ne na ƙwayar cutar bairos, irin wanda maganin da ya sha ba ya taɓawa, kuma sun zo a kan gaɓa.

Sai a kwana na uku zazzaɓin ya sauka. Ranar ce matarsa ta fara cin abinci.

Mako guda da sallamarsa, 'yar autarsu ta yi tari sau biyu a ɗakin girki. Uwar ta saki cokali, ta ɗauke ta sai asibiti. Likita ya duba ta da kyau, ya ce wannan kam mura ce. Duk da haka ta roƙe shi ya sake sauraren ƙirjin yarinyar.