Ganyen Shayin Baba Maliki

Ma'u ta tsuguna a bakin juji tana tona toka da tsinke, amma kaji sun riga ta. 'Yan ƙwayoyin da ta samu sun jiƙe sun warware, sai yanzu ta ga ashe ganye ne aka nannaɗe.

Da safen nan ta shiga share ɗakin surukinta, Baba Maliki, don mijinta Abarshi ya tafi Kaduna ɗauko shi daga asibiti. A ƙarƙashin gado ta tarar da wani tsohon gwangwani, cikinsa ƙananan abubuwa baƙi-baƙi. Ta ɗauka kashin ɓera ne. Ta zubar, ta goge gwangwanin har yana ƙyalli, tana jin daɗin aikinta.

Kadijatu, yayar mijinta, ita ta gan shi kife a rana.

"Ma'u, ina abin da ke ciki?"

Da ta ji amsa sai ta zauna a kan turmi. Ba ta yi faɗa ba, ga Ma'u kuwa gara a ce ta yi.

"Koren shayi ne na ƙasar Sin, fatake ke kawo shi ta Agadas. Inna ce ke dafa masa. Wannan ragowar wanda ta buɗe ne a makon da ta rasu. Tun lokacin bai ƙara sha ba, sai dai ya buɗe ya sansana ya mayar."

Shi ya sa Ma'u take tona juji. Da ta ga babu abin tsinta, ta ɗauki mayafi ta nufi kasuwar Birnin Gwari. Masu tebur duk baƙin shayi gare su, wanda ake sha da madara. Wani mai kanti ya ce ta gwada wajen Buzayen da fari ya koro bana, suna bayan tasha, a bakin daji.

Ta same su a gindin wata ɗorawa, sun kafa rumfar tabarma. Wata tsohuwa da idonta ya faɗa ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta kwance bakin zanenta. Ganyen da ke ƙulle bai cika tafin hannu biyu ba. Ta raba shi, ta ba Ma'u kashin da ya fi yawa.

"Raƙumanmu duka sun mutu," in ji tsohuwar da Hausarta mai nauyi. "Wannan kaɗai ya iso nan tare da mu. Kai wa tsoho."

Ma'u ta karɓa kanta a ƙasa. Ta zo gyara ɓarna ɗaya, ga shi ta rage wa mai yunwa abin da ya saura mata. Tana isa gida ta aika musu da ƙwaryar gero, amma hakan bai sauke mata nauyin ba. Ta zuba ganyen a gwangwani, ta mayar inda yake.

Bayan la'asar motar katakon da Abarshi ke tuƙawa ta tsaya a ƙofar gida. Aka shigo da Baba, ya rame, yana dogara sanda. Da masu sannu suka watse, Ma'u ta kawo masa ruwa, ta durƙusa a bakin ƙofa. Tana gani ya laluba ƙarƙashin gado. Ya juya gwangwanin a hannunsa, ya buɗe, ya kai hanci. Ya daɗe a haka, idonsa a rufe.

"Baba," ta ce, "dama ina so in..."

"Hura gawayi, 'yata. Ƙaramar butar nan tana cikin adaka."

Ta hura a ƙofar ɗakin. Daga kan gado yake gaya mata yadda za ta yi. Ruwan farko na wanke ganyen ne kawai, a zubar da shi, shi ke tafiya da ƙura. Wuta kada ta yi ƙarfi, in ya tafasa da gaggawa ɗacinsa ba ya shawuwa. Ta fasa sukari ta jefa, ta riƙa ɗaga butar sama tana tsiyayawa cikin ɗan kofin gilashi tana mayarwa, har kumfa ta tsaya. Garin haka rabi ya zube a ƙasa.

Ƙamshi ya cika ɗakin, kamar ɗanyar ciyawa bayan ruwan farkon damina, da ɗan hayaƙi-hayaƙi. Kadijatu ta leƙo, ta tsaya, sannan ta juya da sauri tana goge ido.

Baba ya kurɓa a hankali, ya riƙe a baki kafin ya haɗiye. Ya ce Ma'u ta zuba wa kanta. Ta juya baya saboda kunya ta ɗanɗana. Ɗaci ya kama mata harshe, daga baya wani zaƙi ya biyo ta maƙogwaro.

"Kin cika wuta kaɗan," ya ce. "Uwar mijinki ma haka ta fara."

Ya rufe gwangwanin. Maimakon ya mayar ƙarƙashin gado, sai ya miƙo mata.

"Ajiye shi wajenki. Gobe da hantsi ki sake dafa mana. Sabon ganye ne, kada ya tsufa a banza."

Ma'u ta sa hannu biyu ta karɓa. Ta kasa ɗaga kai. Ta ƙara ruwa a butar, ta janye gawayi biyu daga wutar, ta ɗora dahuwa ta biyu.