Tauraruwar Malam Julius

Malam Ummaru mutumin ƙasar Kurfi ne, yana koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare a Dutsin-Ma. Tun yana yaro kakarsa Kyauta ta koya masa taurari a tsakar gidansu na Birchi: ga Kaza da 'Ya'yanta, ga Gamzaki, ga wadda in ta fito manomi ya fara gyaran fartanya. Duk mai tambaya kan sama wurinsa ake turo shi, kuma yana jin daɗin hakan fiye da yadda yake nunawa.

A farkon 1986 rediyo ya kama zancen tauraruwa mai wutsiya, wadda ba ta leƙowa sai bayan shekara saba'in da shida. Ana cikin haka Malam Julius, malamin kimiyya, mutumin Jos, ya dawo daga hutu da wani dogon akwati. Madubin hangen nesa ne a ciki, wani tsohon malaminsa ya ba shi aro. Ɗakin malamai ya koma ba shi da hira sai ta madubin. Shugaban makaranta ya yaba wa Julius a taron safe, bai ko ambaci Ummaru ba.

Kwana uku Julius yana kafa madubin a filin ƙwallo kafin asuba, bai ga komai ba. Ummaru kuwa ya riga ya gan ta da idonsa daga bayan gidansa, wani ɗan dishi-dishi a kudu maso gabas, inda ya san babu tauraro.

"Malam, ba za ka faɗa masa ba?" in ji matarsa Rekiya.

"Ai shi ne mai madubi. Ya nema."

Rana ta huɗu Julius ya same shi har gida. "Malam Ummaru, taswirar da ke hannuna ta ruɗa ni. An ce babu wanda ya san saman nan kamarka. Ka taimake ni."

Kunya ta hana shi ƙi. Washegari ya je filin, ya miƙa yatsa, Julius ya juya madubin, sai ga ta. Julius ya riƙe hannunsa yana ta godiya, ya kuma faɗa wa kowa wanda ya nuna masa. Amma mutane abin da suka leƙa ta cikinsa suka riƙe. Kafin mako ya zagayo, ma'aikata da 'yan kasuwa suna layi a filin, kowa na cewa ya zo ganin tauraruwar Malam Julius. Duk lokacin da Ummaru ya ji sunan, sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi a ƙirji.

Labari ya kai Birchi. Kaka Kyauta, wadda ta haura tamanin, ta aiko a kira jikanta.

"Maigida," ta ce, don haka take tsokanarsa, "ina 'yar yarinya na ga tauraruwar nan, har muka ɓuya a bayan rumbu. Ka kawo mini abokin naka da bututunsa."

"Kaka, ni ma zan iya nuna miki."

"Da wane idon zan gani?"

Haka ya goyo Julius a babur ranar Asabar, akwatin a tsakaninsu, suka kwana a Birchi. Da asuba aka riƙo tsohuwar zuwa bakin gona. Julius ya durƙusa ya sassauto mata madubin. Ta daɗe tana leƙe.

"Ita ce," ta ce. "Amma ta rame. Wancan karon wutsiyarta ta kai rabin sama."

Ta dafa kan Julius ta sa masa albarka, ta sa aka kamo masa zakara. Sannan ta ce, "Na sake miji, Ummaru. Wannan ya fi ka abin hannu."

Kowa ya yi dariya, har da Ummaru. A hanyar komawa Julius na baya yana ta yabon tsohuwar, zakaran na kuka a hannunsa.

Daren nan Ummaru ya rubuta wa wani ɗan'uwansa da ke aiki a Legas, ya ce ya nemo masa madubi wanda ya fi na Julius girma. Rekiya ta ce, "Malam, mutumin nan fa bai yi maka komai ba."

"Na sani," ya ce. "Abin da ya fi ci mini rai ke nan."

Madubin bai iso ba sai a watan Yuli. Damina ta kankama, hadari ya rufe sama, tauraruwar ta daɗe da wucewa. Julius ya mayar da na aron, don haka shi ya fara zuwa taya Ummaru buɗe akwati. Ummaru ya tsaya yana kallonsa yana haɗa ƙafafun madubin cikin murna, shi kuwa bai san ko wace kusa ke shiga ina ba.