Sai Inji Ya Huce

"Taka mata," in ji Yaya.

Auta ya taka totur. Injin a-kori-kurar ya yi gurnani ya sauka sumul, kamar bai taɓa yi wa kowa laifi ba. Yaya, wansa, ya shekara ashirin yana kanikanci, kuma yana cikin mutanen nan da in kunnensu bai ji abu ba, to abin babu shi a duniya. Ya goge hannu da tsumma, ya saki bonet.

"Zuwanka na uku ke nan. Motar nan ta fi ka lafiya."

"Da safe take yi, Yaya. Tak-tak-tak, kamar keken ɗinki. Kafin in iso nan ta daina."

"To ka riƙa ƙunso mana safiyar a aljihu."

Ran Auta ya ɓaci ƙwarai. Wata biyu ke nan yana fama. Ƙwai yake ɗauka daga gonar kaji yana raba wa shaguna, kuma tun da damina ta kankama ya fara rufe gilashi, ciwon kai ya saka shi gaba. Ido ya yi ja, jiki ya mutu, barci ya riƙa fizgarsa da rana tsaka. Shekaranjiya ya gyangyaɗa a kan sitiyari, taya ta faɗa kwata, rabin lodin ya zama ruwa. Hajiya mai gonar ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Idonsa ta kalla, ta ce, "Gaya mini gaskiya, me kake sha?" Shi da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba. Ta ce yau da ƙarfe biyar ya kawo makulli, ta sami wani direban.

Auta ya kashe motar, ya buɗe bonet da kansa, ya jawo tsohuwar taya ya zauna.

"Ba inda za ni sai ta huce."

"Gareji ne nan, ba ɗakin jira ba."

"Ka ɗauke ni ka fitar."

Awa uku ya yi a kan tayar nan. Yaya ya gama da birkin wata tasi, ya ci abinci, ya yi musu da mai walda a kan wanda ya ɗauke masa sifana, duk bai kalli ƙanensa ba. Sai da Auta ya ɗora tafin hannu a kan injin ya ji shi sanyi ƙalau, sannan ya murɗa makulli.

Tak-tak-tak-tak.

Yaya ya tsaya da tsumma a hannu. Ba ya cikin masu cewa sun yi kuskure. Ya sunkuya ta gefen da bututun hayaƙi ke fita daga injin, inda manifol yake manne, ya bi da bayan hannunsa a hankali. A can ƙarshe, kusa da bangon da ya raba inji da mazaunin direba, iska mai ɗumi ta riƙa bugun fatarsa. Ya haska tocila. Baƙar toka ta yi zane a jikin ƙarfen, kuma inda ya kamata a ga noti babu komai sai rami.

"Kusar ta karye a ciki, gaskit ɗin da ke toshe tsakanin ƙarafan ya ƙone," ya ce. "Da sanyi bakin a buɗe yake. In ƙarfe ya ɗau zafi sai ya kumbura ya rage kafar, ƙarar ta ɓace, amma hayaƙin bai daina tsiyaya ba." Ya zura yatsa ta wata yagaggiyar roba a jikin bangon, yatsan ya ɓullo daidai saitin gwiwar direba. "Ta nan kake shaƙarsa. Allah ne ya yi da sauran kwananka."

Auta ya ji kamar ya yi kuka, kuma ya ji kamar ya rufe Yaya da duka.

Aikin ya ba su wuya. Notuna sun ci tsatsa, sai da aka jiƙa su da mai aka yi ta lallashi. Sifana ta zame, Auta ya bar fatar yatsu biyu a jikin injin. Guntun kusar ya ƙi fita, mai walda ya liƙa masa noti, ya ɓalle, ya sake liƙawa, a na uku ya yarda ya juya. Tsohon gaskit ɗin ya fito a ƙone, gefe guda a cinye. Auta ya naɗe shi a takarda ya sa a aljihu.

Ƙarfe uku da rabi Yaya ya ɗauko sabon gaskit, sai ya tsaya.

"Auta, tsaya ka ji. In na ɗaure wannan, na ɗaure shaidarka. Me Hajiya ta sani game da gaskit? Mu mayar da tsohon. Sabon direban ya yi sati ɗaya a ciki, idonsa ya yi ja, da kanta za ta neme ka."

Maganar ta shige shi, ba ƙarya. Ya tuna yadda matarsa ta shinshina rigarsa daren jiya a ɓoye, tana zaton bai gani ba. Sannan ya tuna kwatar nan, da wani mai keke da ya wuce ta gabansa kafin taya ta faɗa.

"In shi ba kwata ya samu ba fa?"

Yaya ya juya sabon gaskit ɗin a hannunsa.

"Ɗaure shi, Yaya. Ka canza robar ma."

Biyar saura kaɗan Auta ya shiga gonar da motar. Hajiya na tsaye a bakin sito da sabon direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya goge takalminsa fes saboda ranar farko. Auta ya warware takardar, ya yi bayani tun daga tak-tak har yagaggiyar roba. Hajiya ta kalli baƙin ƙarfen ba ta taɓa ba.

"Ni ban san waɗannan abubuwan ba," ta ce. "Baba, gwada ta mu ji."

Dattijon ya shiga, ya rufe gilashi, ya tayar. Ya kasa kunne, ya taka totur, ya ja numfashi mai tsawo ta hanci. Ya sauke gilashin yana murmushi.

"Hajiya, wannan mota ai lafiyarta ƙalau. Ko warin hayaƙi babu."

Hajiya ta juyo ta kalli Auta, irin kallon shekaranjiya.

Auta ya naɗe gaskit ɗin ya mayar aljihu. Ya leƙa ta taga ya ce wa dattijon, "Baba, bayan sati ɗaya ka kai ta a ƙara ɗaure notunan. Ka bari ta huce tukuna."

Ya fita ta ƙofar gonar a ƙafa. Sai da ya kai bakin titi ya lura yau kansa bai yi ciwo ba.