Auta a Ƙarƙashin Tebur

Léonce Garrigues ya dafa kujera, ya durƙusa da ƙyar, ya cusa kansa ƙarƙashin teburin. Gwiwarsa ta hagu ta yi ƙara. Shekarunsa hamsin da tara, amma al'ada ta ce ranar kek ɗin sarakuna wanda ya fi kowa ƙuruciya ne ke shiga ƙarƙashin tebur, inda ba ya ganin komai, ya riƙa faɗin wanda za a ba kowane yanki. A ƙungiyar Farin Takobi, wadda ta rubuta a bangon gari cewa ita ce muryar matasan Faransa, babu wanda Léonce ya girma.

"Auta, ka zauna daidai?" in ji Madam Fernande, mai gidan abincin, da wuƙa a hannu.

"Na zauna, Madam."

"To ka sunkuyar da kai. Ƙafafuna sun wuce zamanin kallo."

Aka yi dariya kaɗan, ba har ciki ba. Yau ba ranar wasa ba ce. Daga inda yake Léonce yana ganin takalma biyu masu ƙyalli na Kanar de Montauriol a wannan gefe, da takalman Gaston Vialaret mai kantin magani a wancan gefe.

Su biyun ne suka kafa ƙungiyar a bazarar da ta wuce, bayan an kore su daga wata jam'iyya da ta fi tasu girma. Kowannensu ya ce shi ya fita da kansa. Buƙatunsu ba su da yawa: a dawo da sarki, a kori baƙi, a rufe majalisa. Sun buga jarida sau biyu. Sun yi maci sau ɗaya zuwa dandalin gari, ruwan sama ya tarwatsa su kafin Kanar ya kai tsakiyar jawabinsa. Da farko sukan cika ɗakin bayan Madam Fernande har wasu su tsaya a ƙofa. Yanzu tebur ɗaya ya ishe su, har da wurin ajiye huluna.

Abin da ba su taɓa yi ba shi ne naɗa shugaba. Kanar ya ce kakanninsa sun mutu saboda sarakuna. Vialaret ya ce shi ya rubuta kowane layi na jaridar, Kanar ko waƙafi bai sa ba. Da wasu mutane ne, da sai su ɗaga hannu a ƙirga a huta. To amma Farin Takobi ta shafe watanni tana shelar cewa zaɓe shi ne cutar da ta kwantar da Faransa. Ba ta da bakin da za ta ce a yi zaɓe. Don haka suka yanke cewa Allah ne zai zaɓa, kamar yadda yake zaɓen sarakuna. Duk wanda ya tsinci waken a yankinsa, wato ɗan mutum-mutumin tangaran da ake ɓoyewa a cikin kek ɗin, shi ne shugaba. Suka tashi tsaye suka rantse. Manyan mutane, masu furfura, da jikoki.

"Wannan na wa?" in ji Madam Fernande.

Takalmin Kanar ya zunguri cinyar Léonce.

"Na Kanar," in ji shi.

"Wannan fa?"

Takalmin Vialaret ya taka masa yatsa.

"Na yallaɓai Vialaret."

Léonce bai damu da wanda zai ci ba. Tsoronsa shi ne ɗaya ya ci, ɗayan ya yi fushi ya tafi da rabin teburin. Tun da matarsa Marthe ta rasu, kwana shida a mako yana cin abinci a tsaye, kusa da murhu, rediyo na surutu. Ranar Lahadi kaɗai yake zama da mutane, a miƙo masa burodi, a kira shi Auta, a tambaye shi gwiwa. Abin da ya kawo shi Farin Takobi ke nan. Wannan ba uzuri ba ne. Ya manna takardun da ke cewa baƙi su koma inda suka fito, kuma ya manna su a miƙe, babu lanƙwasa, domin ya yi shekarunsa yana sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, mutum ne mai tsabtar aiki.

Ya gama kiran sunaye, ya ambaci kansa a ƙarshe. Mutum biyu suka jawo shi waje. Kambin takarda mai ruwan zinariya, wanda a al'ada ake ɗora wa mai tsintar waken a kira shi sarkin ranar, yana tsakiyar teburin yana jira.

"Allah Ya ja zamanin sarki," in ji Kanar.

"Amin," in ji kowa, duk da babu wanda ya san wane sarki, domin wannan ma ba su daidaita a kai ba.

Aka fara ci a hankali, kowa yana taunawa kamar mai ciwon haƙori, yana satar kallon bakin maƙwabcinsa. Léonce ya gatsa sau biyu. A na uku haƙorinsa ya bugi wani abu mai tauri. Ya taɓa da harshe. Ya ji ɗan kai, ya ji tsinin kambi.

Ya ɗaga ido. Kanar ya tsaga nasa yankin da cokali yana bincike. Vialaret ya murmushe nasa gaba ɗaya a faranti. Léonce ya san su. Kanar zai iya jure mai kantin magani na wata ɗaya. Mai kantin magani zai iya jure Kanar na mako biyu. Amma babu ɗayansu da zai zauna ƙarƙashin mai sayar da tikiti ko da na tsawon shan kofi. Idan kuwa ba a ga waken ba, ya ce a ransa, sai a ce mai gasa kek ɗin ya manta, a ɗaga maganar zuwa baɗi. Shekara guda ta Lahadi.

Ya ɗauki kofin giyarsa, ya kurɓa da yawa, ya haɗiye.

Abin ya sauka yana karce masa maƙogwaro, ya tsaya wani wuri a ƙirji. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Auta, lafiya?"

"Giyar ce, Madam."

Faranti suka zama wayam. Wake bai fito ba.

"Ina aka sayo kek ɗin nan?" in ji Vialaret.

"Wurin Mongi," in ji Madam Fernande.

"Ɗan Tunisiyan? Kin ba ɗan Tunisiya ya gasa makomar Faransa?"

"Wa kake so ya gasa? Pujol ya rufe gidan burodinsa tun kaka. Kai da kanka kowace safiya a layin Mongi nake samun ka, har da neman a ba ka mai ɗumi."

"Maƙarƙashiya ce. Da gangan ya ƙi sawa."

"A gabana ya sa shi, Gaston. Ɗan ƙaramin sarki ne mai shuɗiyar riga. Ni na zaɓe shi a cikin kwali."

Léonce ya ji mai shuɗiyar rigar ya motsa.

Kanar ya goge gashin bakinsa, ya ninke ƙyallen a hankali. "Idan an sa shi, kuma bai fito ba, to yana bakin wani. Wani ya ga ba a farantinsa yake ba, ya sa hannu a na maƙwabci lokacin da muke addu'a, yanzu kuma kunya ta hana shi fito da shi."

"Da wa kake, ranka ya daɗe?" in ji Vialaret.

"Da wanda ya saba sayar wa tsofaffi ruwan sukari da sunan maganin tari."

"Ni kuwa da na zaci wanda ke cire haƙoransa da dare ya fi kowa wurin ɓoye abu a baki."

"Buɗe bakinka, Vialaret."

"Ka fara buɗe naka. Ko ka miƙo haƙoran nan mu duba, ba sai ka taso ba."

Léonce ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, da mun bari sai baɗi..."

"Yi shiru, Auta, manya na magana."

Babu wanda ya ce Léonce ya buɗe baki. Bai faɗo wa kowa a rai ba cewa Allah zai iya zaɓensa.

Kanar ya miƙe ya sanar cewa daga yau ya kafa Farin Takobi ta Gaskiya, za ta riƙa taro a gidan gonarsa, ranar Talata da safe, ba ci ba sha, domin ciki ne ya lalata wannan tafiyar. Vialaret ya ce shi kuma Farin Takobi ta Asali za ta zauna a bayan kantinsa bayan an rufe, kowa ya zo da kujerarsa. Wani tsohon lauya da bai ce uffan ba duk ranar ya ce shi ba ya bin kowa, zai yi tunani ya kafa tasa. Suka ɗauki huluna. A ƙofa aka ɗan yi turereniya kan wanda zai riga fita.

Madam Fernande ta tattara faranti. "Na huta," ta ce. "Masu wasan ƙwallon ƙarfe sun daɗe suna roƙona ɗakin nan. Su aƙalla idan sun yi faɗa sukan dawo." Ta dube shi. "Kai kuma ka yi fari fat. Je gida ka kwanta."

Bai je gida ba. Ya tsaya a tashar bas, yana jin kowane numfashi kamar ana soka masa allura. Bas ɗin Lahadi ta zo a makare, ta zaga rabin gari kafin ta sauke shi a asibiti. A hanya ya ga takardunsa a bango, ruwa ya wanke rabin rubutun, amma har yanzu a miƙe suke.

Likitar da ta duba shi, Dakta Zerrouki, mace ce doguwa mai tabarau, da alamar ba ta zauna ba tun safe. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Ta ɗaga hoton a gaban fitila, ta daɗe tana kallo.

"Baba, kai ne na uku yau. Amma sauran biyun ba su kai shekara shida ba." Ta nuna da biro. "Ga shi nan, ya sauka ciki, a tsaye yake ma. Ciwon ƙirjin karcewa ce kawai. Ashe da sarki nake magana. Ina kambin?"

"Na baro shi."

"Mutanen gidan sun sani?"

"Ba gida ba ne. Ƙungiya ce."

"Wace iri?"

Léonce ya kalli sunan da ke manne a rigarta, irin na baƙin da takardunsa ke cewa su koma. "Ta cin abinci," ya ce.

"To. Saboda tsinin nan za ka kwana a wurinmu. Idan ya fito gobe lafiya, sai ka tafi."

Aka kai shi ɗakin maza a hawa na biyu, da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya. Rana ta kusa faɗuwa. Majinyata uku sun jawo ƙananan teburansu sun haɗa a tsakiyar ɗakin. Ɗaya magini ne ɗan Fotugal da ƙafa a filasta. Ɗaya siriri ne mai tari. Na ukun wani dattijo ne ɗan Maroko da hular ulu, yana ɓare lemo yana rarraba musu.

"Baƙo, me ya kawo ka?" in ji dattijon.

"Na haɗiye wake."

Sai da maginin ya riƙe filastarsa don dariya. "Sarki guda a ɗakinmu. Driss, gyara zama."

"Ranka ya daɗe, ka iya karta?" in ji Driss, dattijon. "Mutum ɗaya muke nema tun da aka sallami Marcel. Kowace yamma muke yi. Wannan ɗan Fotugal ɗin ɓarawo ne, ka sa masa ido."

"Na ɗan iya."

"To jawo teburinka. Lemo fa, an yarda ka ci?"

Dakta Zerrouki ta leƙo tana shirin tashi daga aiki. "Ban da lemo yau. Ruwa kawai."

"Likita," in ji Léonce. Ya rage murya. "Idan bai fito gobe ba fa?"

"Sai mu riƙe ka har ya fito. Wani yakan yi kwanaki."

Ta wuce. Léonce ya jawo teburinsa ya haɗa da nasu. Driss ya fara raba karta. Da hannu ɗaya Léonce ya karɓi nasa, ɗaya hannun kuma ya ɗora a kan cikinsa a hankali, yana roƙon mai martaba kada ya yi gaggawa.