Tsamiyar Gonar Sodangi

Sodangi bai taɓa riƙe wata sana'a da gaske ba sai karta. Yana da gona a wata unguwa kusa da Ɗan Isa, gadon ubansa, amma da an kai amfani gida sai ya tare a Ƙaura, bayan tashar jirgin ƙasa, inda 'yan caca ke shimfiɗa tabarma. Da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara aka naɗe tabarmin nan. Cikin abokansa wasu suka tuba da gaske, wasu suka tsayar da gemu suna jiran su ga inda abin zai tsaya. Sodangi bai tuba ba, gemun ma ya ƙi fito masa. Hannunsa dai ke ƙaiƙayi.

A kasuwar Shinkafi ya gamu da Lado, wani mutumin Maraɗi mai sayar da turare da zobba. Turaren na idon mutane ne. A bayan rumfa duba yake yi, kuma ba da ƙasa ba, da karta. Ba irin ta caca ba ce. Manya ce, kowace da hotonta, ya ce daga Kwatano aka kawo masa. Sodangi na ganin yadda yake shara ta ya ji gida ya zo. Ya liƙe masa, yana ɗaukar masa jaka daga Shinkafi zuwa Moriki zuwa Zurmi, shi kuwa Lado yana gutsura masa ilimin kaɗan-kaɗan.

"Turawan da sunka zana wagga ba su san abin da sunka zana ba," in ji Lado. "Mutanen ɓoye sunka riƙe musu hannu. Duba nan, ɗan caca. Mi ka gani?"

"Wata, da karnuka biyu, da tabki."

"Kai ka ga tabki, ni na ga Sarkin Rafi. In ta fito ma mutum, a raba shi da bakin gulbi. Wannan fa?"

"Mace tsirara ta durƙusa, tana tuttular da ruwa."

"To ka daina lashe baki, ba sa'arka ba ce. Doguwa ce, kuma ba ruwa ne a tulun ba, nono ne. Ka ga itacen da ke bayanta? Gidanta ke nan. In ta faɗo kusa da kartar yara, akwai mai ciyar da ita a gidan, kuma nono ya daina isar ta. Cutarta ba ta son ƙarfe. Aka yi wa yaron allura, an gama da shi."

Haka Sodangi ya haddace su: sarkin da ke kan keken doki, soron da aradu ta fasa, mutumin da aka rataye ta ƙafa, ƙwarangwal mai lauje. Amma masu wannan sana'a suna da wata al'ada. Kowane mugun abu da duba ya nuna, sukan ce yana da makari, wato sadakar da za a yi ko abin da za a bari don ya wuce. Makarin shi ne abincinsu, don haka ba sa koyar da shi sai a ƙarshe, in yaron gida ya gama bauta. Duk lokacin da Sodangi ya tambaya, Lado kan ce, "Koyi tsoratarwa tukuna."

Bai kai ga koyon sauran ba. Wata ranar kasuwa aka tsegunta wa masu wa'azi abin da ake yi a bayan rumfar turare. Lado ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce zai zaga, bai tsaya ba sai hayin iyaka. Jaka na kafaɗar Sodangi. Ya dawo gida da karta cikakkiya da rabin ƙarya. Da cikakkiyar ƙaryar ya samu, da ta fi sauƙi, don maƙaryacin da ya ƙware ya san inda zai tsaya. Shi kuwa Sodangi ya gaskata abin har cikin ransa.

A tsakiyar gonarsa akwai wata tsohuwar tsamiya. Uwarsa Indo, tun tana amarya, ta gaji wata ɗabi'a daga uwar mijinta: lokaci-lokaci takan sayi nono wurin Fulani, ta kai gindin tsamiyar ta zuba, ta ce mai wurin ta bar musu gida lafiya. Wannan ɓata ne, ba sai an yi masa kwana-kwana ba. Sai dai tsohuwar tana sallarta, tana azuminta, kuma duk unguwar babu matar da ta haihu ba a hannunta ba. Kowa ya san da zancen nonon, kowa ya kau da kai.

Cikin zafin bazara zazzaɓi ya kama Rashida, 'yar Sodangi ɗaya tilo, wadda ko famfara ba ta fara ba. Da gari ya waye wuyanta ya sandare, kanta ya koma baya, ba ta son ko hasken ƙofa. Kulsumu, uwar yarinyar, ta ruga ta kira surukarta. Indo ta ɗaga kan jikar a hankali, yarinya ta ƙwalla ƙara.

"Wanga sanƙarau na," in ji ta. Ba ta kama sunan Sodangi, don ɗan fari ne. "Kai, yaro, na gane shi shekarar da anka ba mu jiha, ya kwashe ɗiyan mutane. Nemo babur a kai ta asibiti Ƙaura, a yi mata allura tun rana ba ta yi ba."

"Ina zuwa, Iya."

Ɗakinsa ya shiga, ya saki labule, ya shara karta. Ya ja uku. Mace mai tulu. Yara biyu ƙarƙashin rana. Ƙwarangwal mai lauje. Ya zauna yana kallon su. Akwai mai ciyar da ita a gidan. To wa ke kai nono gindin tsamiya? Kuma wa ya fara ambaton allura, tun kafin kowa ya buɗe baki? Abu ya haɗu masa daram. Bai tsaya ya tuna cewa shekarun da ya yi yana caca karta ba ta taɓa faɗa masa gaskiya ba.

Makari fa? Bai sani ba. Sai ya ƙago nasa: in babu gida, Doguwa za ta tashi ta saki yarinya. A sare tsamiya. Amma Lado ya sha faɗa masa cewa wanda ya ɗora gatari a gidan iska, a kansa fushin ke sauka. Sodangi na son 'yarsa, amma bai kai son ransa ba. Ya shiga tunanin hannun da zai ara.

"Malam, babur ɗin fa?" in ji Kulsumu, da ya fito.

"Ba inda za ta. Duk wanda ya fitar min da ɗiya daga gidan ga ban yafe ba."

Ya nufi wurin Murtala. Tare suka yi zaman tabarma a bayan tasha, amma Murtala na cikin waɗanda suka tuba da gaske, har ya zama shugaban samarin da ke wa'azi da hana ɓarna a unguwannin nan. Yana ganin Sodangi ya yi dariya.

"A'a, sarkin karta! Ko ka zo a yi maka bulalar da ka daɗe da cancanta?"

"Ustazu, ba wasa ya kawo ni ba. Shirka aka yi cikin gonata, na gaji da rufa ta."

"Wa ke yi?"

"Iya."

Dariyar Murtala ta ɗauke. "Iya Indo? Ita ta yanke min cibi fa. Bari in je da Liman mu yi mata nasiha cikin ɗaki, ba sai kowa ya ji ba."

"Nasiha? Ashe shari'ar taku ta talakan banza ce, in an zo kan wadda ta yanke maka cibi sai a shiga ɗaki? Ɗiyata na can kwance tun da anka kai nonon ƙarshe. In ba ku iyawa, in tafi Ƙaura in ce kun ji tsoron itace."

Nan ya kama shi. Sabon tuba ba abin da yake tsoro kamar a ce tubansa bai kai zuci ba. Kafin hantsi samari sun taru da gatura.

Aka fito da Indo ƙofar gida, aka ce ta ɗauko ƙwaryar da take kai nonon. Mata suka leƙo ta kan danga, yara suka cika fili. Murtala ya yi wa'azi, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne: itace ba ya cutarwa, ba ya amfanarwa, mai ba da lafiya Allah ne. Amma taro ba ya jin wa'azi duka, abin da ya fi daɗin maimaitawa yake ɗauka. Abin da ya zaga unguwa shi ne Indo ta ba Doguwa jikarta, kuma ɗanta na cikinta ne ya tona.

Aka sa ta fasa ƙwaryar da ƙafarta. Aka ce ta maimaita kalmar shahada da ƙarfi, ita da goshinta ya yi baƙi da sujada. Ta maimaita. Wani saurayi ya ce bai ji ba, ta sake. Da ta gama ta juya wajen ɗanta.

"Na tuba, na bari, Allah shi gafarta mini. Ku sare ta, ku ƙone ta. To yanzu a kai yarinyar ga asibiti."

"Kun ji ko?" in ji Sodangi ga mutane. "Har yanzu ba ta haƙura ba."

Murtala ya dube shi. "Kai, in yarinya ba ta da lafiya ka kai ta mana. Mi ya haɗa wannan da wancan?"

"Za a kai ta, Ustazu. A gama aikin Allah tukuna."

Aka ɗunguma gona. Tsamiya ba ta saruwa da daɗi. Gatari ya rinƙa tsalle yana dawowa, samari na karɓeɓeniya, suna kabbara, hannuwansu na yin kanta. Sodangi ya tsaya daga nesa. Murtala ya miƙa masa gatari ya ce ya sa hannu ya samu lada, Sodangi ya ce kafaɗarsa na ciwo. Yana kallon yaran mutane suna zufa, yana lissafin wanda Doguwa za ta fara kamawa a cikinsu, bai ji komai ba sai gajen haƙuri.

Rana ta take tsaka, an ci rabin gindin, sai ga babur ya ratso gona. Muhtari ɗan kabu-kabu ne, da wani a bayansa rungume da Rashida. Kulsumu na biye da su a guje, ba mayafi.

"Sodangi, ka gode Allah!" in ji Muhtari. "Tsohuwar ga mun kama bakin hanya, ta goyo ɗiyarka, wai mu kai su Ƙaura. Ta bi mu ɗaya-ɗaya, har durƙusawa ta yi. Muka ce ba da mu ba, mun ji labari. Da ta ga haka sai ta kama hanya da ƙafa. Mun bi ta mun ƙwace."

"Ni na goya mata ita!" Kulsumu ta faɗi a gabansa. "Malam, ni na ce ta tafi da ita. Don girman Allah, ga babur nan, ka bari mu hau. Dube ta, ba ta ma kuka yanzu."

Gaskiya ne, yarinyar ta daina kuka. Idanunta a buɗe, ba sa kallon kowa. Sodangi ya ɗauki shirun a matsayin alamar Doguwa ta fara sassautawa. Ya yi wa Muhtari godiya, ya sa masa albarka, ya ce a mai da ita ɗaki a rufe ƙofa. Murtala ya ajiye gatari ya ce wannan ba daidai ba ne, a kai ta. Sodangi ya ce 'yarsa ce, kuma ba a shiga tsakanin mutum da iyalinsa. Murtala ya sake ɗaukar gatarinsa. Da safe ya iya tsayawa a kan tsohuwa, da rana ya kasa tsayawa a kan uban yarinya.

Bayan la'asar tsamiya ta yi ƙara ta kwanta, ƙasa ta girgiza, aka yi kabbara. Sodangi bai jira an watse ba. Ya ruga gida, ya durƙusa gaban tabarmar Rashida yana jiran wuyan ya saki. Ya taɓa shi, ya sake taɓawa. Ya ce wa Kulsumu ta dama kunu, yanzu za ta tashi ta nema. Kulsumu ba ta motsa ba. Kafin a kira magariba yarinyar ta cika.

Da safe mata suka taru za a yi mata wanka. A unguwar nan Indo ce ke wanke mata da yara, ita ta san yadda ake yi. Ta zo tana ɗingishi, ƙafafunta a kumbure, gwiwarta da ƙurjewar faɗuwar da ta yi lokacin da aka fizge goyon. Matan da ta karɓi haihuwarsu suka tare ƙofa.

"Yaro," ta kira daga waje. "Bari in wanke ta kawai. Ba ni cewa komi."

Sodangi na zaune a zaure yana karɓar gaisuwa. Mutane na yaba masa, suna cewa samun mai tsoron Allah irinsa, wanda bai rufa wa ko uwarsa ba, sai an tona. Shi kuwa abin da ke cin ransa ɗaya ne: da an fara saran tun asuba, da an riga Doguwa. Bai ɗaga kai ba.

"Ku ce mata ta matsa daga ƙofa," in ji shi. "Za a fito da gawa."

Ta matsa. Aka nemo wata daga unguwar gaba ta yi wankan, aka fito da yarinyar cikin 'yar tabarma, aka wuce ta gaban kakarta ba a tsaya ba.