Gicciyen da Ɓawo Ya Haɗiye

Tun ba a san za a gina jami'a ba, bishiyar tana tsaye a dajin bayan ƙauyen su Milunka. Zapis suke ce mata. Kowace bazara mutanen gari sukan bi limamin coci su kewaye ta, ya sa wuƙa ya sabunta gicciyen da ke jikinta, a zuba masa ruwan inabi, a ci gasasshen rago a inuwarta. Ko reshe ya faɗo, ba mai kai shi murhu.

Sai jami'a ta karɓi dajin ta ja masa waya, wai za ta kare shi. Daga wa? Daga Milunka da awakinta. Aka hana kiwo, aka hana wuƙar limami, wai tana yi wa bishiya rauni. Shekaru suka ja, ɓawo ya rufe gicciyen ruf.

Yanzu kuma titi za a miƙa ta tsakiyar dajin, jami'a ta sa hannu don an yi mata alkawarin filin ajiye motoci. Ta jikin waya Milunka ta hango jan fenti a gindin zapis, alamar za a sare ta.

"Ke bari a yi mana titi," in ji maƙwabcinta Dobrivoje. "Zai kai ki asibiti da wuri."

"Kai zai kai maƙabarta da wuri, tsohon banza. A inuwar nan ka fara ganin matarka."

Ta ji an ce doka ta hana sare bishiyar da ke da gicciye. Ta ɗaura baƙin kallabinta, ta yi ta zarya ofis-ofis har aka haɗa ta da wata ma'aikaciya mai suna Jasna. Jasna ta kewaye bishiyar, ta shafa nan, ta shafa can.

"Kaka, ban ga gicciye ba."

"Yana ciki, 'yata. Su suka hana mu sabunta shi."

"Na yarda da ke. Amma abin da ido ya gani shi ake rubutawa."

Milunka ta tare shugaban sashen gandun daji na jami'ar a bakin motarsa. Ya ce shi ma abin yana masa ciwo, akwai wani ƙwaro a dajin da ba a samun irinsa ko'ina.

"Ƙwaro! Kun kore mu saboda bishiya, yanzu kun sayar da bishiyar saboda mota. Wa zan kai ƙara, kai ko ƙwaron?"

Ya rufe gilashi.

Da safe ta ɗauki wuƙar yankan rassan inabi, ta rarrafa ta inda karnuka suka ɓula waya. Ta isa gindin zapis, ɓawon kamar ƙarfe, amma ta tsaga shi tsaye, ta tsaga shi kwance. Tana zuba ruwan inabi sai ga Zhivko mai gadi, ɗan ƙauyensu, wanda ta goya yana jariri.

"Haba Inna Milunka! So kike a kore ni?"

"Je ka kira Jasna. Ga gicciye nan, ido ya gani."

"Wannan sabo ne, Inna, ba za su karɓa ba. Kuma kin yi wa bishiyar da ke ƙarƙashin kariya rauni. Dole in kai rahoto."

"Wace kariya? Ba jibi za ku sare ta ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Har jibin tana ƙarƙashin kariya."

Ranar saran bishiyar, maza a ƙauyen suka ƙi riƙe zarto, har Dobrivoje mai baki. Aka kawo ma'aikata daga wani gari, suka gama kafin azahar.

Milunka ce kaɗai aka kai kotu a kan bishiyar nan. Alƙali ya tambaye ta ko ta amsa laifin yankar ta.

"Na amsa. Nawa yankan bai fi tafin hannu ba. A kira wanda ya yi sauran, ina nan zaune."