Layin Dogon Baba Jibirin

"Ya Hajj, ba za ka bi da shi ta Duwaim ba?" in ji Almahdi mai burodi, yana dangwala yatsa a bangon. "Mutanen Duwaim ba 'yan ƙasa ba ne?"

"Duwaim suna da kogi," in ji Baba Jibirin daga kan gadonsa. "Mutanen Bara me suke da shi? Rairayi. Cire hannunka, kana goge min Kurdufan."

Na tsaya a bakin ƙofa riƙe da kwanon kunu ina jiran su gama. Almahdi ya fita yana gunaguni da Larabci, ni kuma na ajiye kwanon na ɗaga kai. Layin ya ƙara tsawo tun jiya.

Sunana Fadila. Bango ɗaya ne tsakanin gidanmu da na Baba Jibirin a Umdurman, kuma abin da nake ba da labari ya faru ne a shekarar da ta gabaci yaƙi. Kakanninsa da nawa duk daga yamma suka taso za su Makka, suka zauna a nan. Shi agashe ya sayar duk rayuwarsa, wato tsiren nan namu mai ƙuli-ƙuli, da farko a tashar jirgin ƙasa ta Sinnar, daga baya a kasuwar Umdurman. Da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, sai 'yarsa Kubra ta fito masa da gadon igiya tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya. Zaman ya ishe shi. Wata rana ya ce a ɗaura masa gawayi a bakin sanda.

Da hannun hagu ya zana ƙasar Sudan a bangon. Layukan da ake da su ya ja su da gawayi: Khartum zuwa Atbara zuwa Halfa, reshen Bur Sudan, sannan na kudu da ya bi Madani da Sinnar da Kosti ya nufi Niyala. Waɗanda babu su, nasa na kansa, da guntun jan bulo yake jan su. Jan ya fi baƙin yawa.

"Baba, wannan babban da'irar fa?" na tambaye shi.

"Tashar Umdurman. Gari kamar wannan, a ce sai mutum ya haye gada kafin ya ji kukan jirgi? Daga nan ɗaya zai tashi ya bi yammacin kogi har Dungula. Ɗaya ya yanki daji zuwa Bara, ya sha ruwa a Ubayyid, ya wuce Nahud, Fashir, sai Junaina."

"Daga Junaina fa?"

"Bangon ya ƙare, 'yata. Sai dai in shiga gidanku."

Ni ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Mahaifiyata na Maiwurno, kuma da bas nake zuwa, in isa ƙafafuna sun kumbura. Saboda haka tambaya ba ta ƙare min. Ina ake alwala? In mace ta fara naƙuda tsakanin Nahud da Fashir, yaya za a yi? Akuya fa? Kowace tambaya sai ya tauna ta. Ya ce za a ware tarago guda na mata, da ungozoma. Akuya kuma ta jira jirgin kaya. Washegari na tarar ya ja wani ɗan reshe ja daga Sinnar zuwa Maiwurno.

Unguwa ta ji labari. Wa'il mai gyaran waya ya zo neman a kai layi Dilling, garin matarsa. Wata maƙwabciya ta ce Gadarif a yi musu jirgi kullum, ba sai ranar kasuwa ba. Baba Jibirin yana saurare kamar alƙali, wani ya ba shi, wani ya hana, wani ya ce ya dawo bayan la'asar.

Ran nan na tambaye shi abin da ya daɗe yana damuna.

"Baba, kujerun fa? Suna kallon gaba ne, ko suna kallon juna?"

Ya dube ni. Sannan ya yi dariya da rabin bakinsa.

"Ban sani ba."

"Kai da ka yi shekaru a tasha?"

"A bakin taga na yi su, daga waje. Ina miƙa nama, hannu na karɓa. Da na je Niyala ina saurayi, a kan rufi muka hau, muka ɗaure kanmu da rawani kada barci ya jefar da mu. Ciki kam, ban taɓa zama ba." Ya juyo da ido gare ni. "Fadila, mijinki na da raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku. Daga nan zuwa tashar Bahri ba nisa."

Na ce sai an tambayi Hadi.

Hadi babban ɗansa ne, makanike a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, yana zaune da iyalinsa a Alsahafa. Ya riga ya gyara wa mahaifinsa ɗaki a can, kusa da asibiti, tsohon ne yake ta ja da baya. Da ya zo ranar Juma'a Kubra ta faɗa masa, ya ajiye kofin shayi da ƙarfi.

"La, ya Baba. Mustahil, ba zai yiwu ba. Likita ya ce zuciyarka ba ta son girgiza. In wani abu ya same ka a hanya, tsakiyar daji, me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu yana zaune a kujera."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka."

Hadi ya juyo gare ni. "Ke kuma, ya Fadila, da tambayoyinki. Kin ga abin da kika jawo?"

Na sunkuyar da kai, don ban san ko yana da gaskiya ba. Na ga yadda numfashin tsohon ke sarƙewa in an tashe shi zaune, kuma na ga yadda idonsa ke haske in ana maganar Nahud.

Bayan wannan Juma'ar, Baba Jibirin ya daina zane. Sandar na jingine, bai taɓa ta ba. Almahdi ya zo ya sake tsokano maganar Duwaim da gangan, tsohon ya ce, "Ɗauka, na ba ka." Almahdi ya fito jikinsa a sanyaye. Kunun da nake kaiwa yana dawowa rabi.

Da Hadi ya dawo ya gan shi, ya zauna a gefen gadon ya daɗe yana murza hularsa.

"Baba, ka yarda ka koma Alsahafa?"

"Na yarda. Amma a bi da ni ta Shandi."

Kubra ta toshe baki da mayafi tana ɓoye dariya, don Alsahafa na nan cikin Khartum, Shandi kuwa tafiyar jirgi ce can arewa. Hadi ya so ya ɗaure fuska, bai iya ba.

Da sassafe mijina Hazim ya kawo raksha ƙofar gida. Muka haye gadar Shambat, tsohon a tsakiyar ni da Kubra, cikin farar jallabiyarsa ta Idi, Hadi na biye da mu a babur. A tasha Hadi ya goya uban a bayansa ya hau da shi. Ya zaunar da shi kusa da taga.

Baba Jibirin ya shafa hannun kujerar, ya danna katifarta da yatsa, ya leƙa gaba, ya leƙa baya. Kujerun duk gaba suke kallo.

"Fadila, ga amsarki. Duba da idonki." Ya ƙwanƙwasa gilashin. "Wannan ba ya buɗuwa? To ta ina mai agashe zai miƙo nama?"

Da jirgin ya motsa, ya kafe taga da ido. Gidajen Bahri suka wuce, sai fili, sai duwatsu baƙaƙe, can nesa koren bakin kogi yana ɓoyewa yana fitowa. Ni kaina na manta da shi na ɗan lokaci. Ban san ƙasa na da faɗi haka ba. Hadi kuwa bai kalli taga ba ko sau ɗaya, fuskar ubansa kawai yake kallo, kwalbar ruwa a hannu.

A gefenmu akwai wata dattijuwa mai zane a kumatu, ta ce sunanta Ashafa, ta dawo daga duba jikarta a asibiti. Baba Jibirin ya tambaye ta da Larabci ina za ta.

"Umm Ɗalha."

"Ina ne nan?"

"In sauka Shandi, in haye kogi, in jira lori. In lorin ya ajiye ni, sai jaki."

"Mutane nawa ne a garin?"

"Akwai masu haihuwa, akwai masu mutuwa," in ji ta. "Gari ne."

Kubra ta ba ta labarin bangon. Na ɗauka za ta yi dariya. Sai ta gyara zama ta dube shi sosai.

"To mu fa, ya Hajj? Ka sa mu?"

"Ban san da ku ba."

"Ai kowa haka yake cewa."

Wannan maganar ta zauna masa. A Shandi muka wuni gidan wani abokin aikin Hadi, muka juyo da bas. Duk hanyar yana jingine a kafaɗar ɗansa, launin leɓensa ya canza, amma bai fasa magana ba.

"Ni birane na haɗa, Hadi. Na ja layi daga babban suna zuwa babban suna. Wa ya san garuruwa nawa na tsallake?"

"Ka huta, Baba."

"Kujerar kuwa ta yi. Sai dai sanyin na'urar ya yi yawa. A nawa za a rage."

Tafiyar ta ci shi. Bai ƙara zama da kansa ba, kuma likita ya ce kada a sake motsa shi, ko zuwa Alsahafa. Na kasa haɗa ido da Hadi. Shi ne ya tare ni a ƙofa wata safiya ya ce, "Ya kwana yana ba ni labarin hannun kujera. Tun rasuwar Inna ban ji ya yi surutu haka ba." Ya wuce ciki.

Abu ɗaya ya rage wa tsohon: ina Umm Ɗalha take? Duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya tambaye shi. Wa'il ya duba a wayarsa bai samu ba. Hazim ya tambayi fasinjojinsa. Ni ma na tambayi matan kasuwa masu kawo kuka da dabino daga arewa, wata ta ce ta taɓa ji, wata ta ce ai sunan rijiya ne. A ƙarshe Hadi ne ya zo da labari daga gareji, hannunsa ko wanke baƙin mai bai yi ba.

"Baba, na samu direban lori da ya san hanyar. Amma ya ce guda biyu ne. Ɗaya kusa da kogi, ɗaya can cikin daji. Bai san ta wace ce tsohuwar ba."

Baba Jibirin ya buɗe ido.

"A ba su duka."

Ya yi ƙoƙarin ɗaga sandar, ta zame. Hadi ya ɗauki jan bulon da hannunsa, ya durƙusa gaban bangon.

"Daga ina zan taso?"

"Daga layin Dungula. Yi dama. A'a, damarka. Sannu, kada ka yi gaggawa, akwai rairayi a nan."

Layin Hadi ya fito miƙe sak, ba kamar na uban mai rawa ba. Ya ɗiga ɗigo biyu. Tsohon ya kalla ya daɗe.

"In ta hau daga ɗaya, ta wuce ta ɗayan," ya ce. "Kwayyis, ya yi kyau."

Ranar Alhamis da hantsi Baba Jibirin ya cika. Ina tsakar gidanmu ina shanya na ji muryar Kubra ta bango, ba ihu ba, kiran sunana kawai ta yi, na gane. Da na shiga, Hadi na riƙe da hannun uban na hagu, akwai sauran gawayi a ƙarƙashin faratan.

A kan gadon nan nasa aka ɗauke shi zuwa maƙabarta, kamar yadda ake yi a nan. Almahdi ya rufe gidan burodi ya bi su, Wa'il ma haka. Mu mata muka zauna a ɗaki, ana shigowa ana karanta Fatiha.

Bayan azahar maza suka dawo da gadon, suka ajiye shi tsakar gida suka fita wurin zaman makoki. Igiyoyin tsakiya sun lotsa daidai inda tsohon yake kwanciya. Kubra ta ɗebo ruwa a buta ta fara wanke ƙurar maƙabarta daga ƙafafun gadon, ni na riƙe mata gefe ɗaya. Da ta gama muka bar shi a rana, ruwan na ɗiga daga igiyoyin yana shiga yashi.